Yadda Ake Taimaka wa Sabon Shiga Ya Saka Hotunansa a Wikipedia

1. Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya saba buɗe Wikipedia ta Hausa zai lura cewa akwai maƙaloli da yawa waɗanda ba su da hoto ko ɗaya. Akan sami bayani a kan wani abinci, ko wata sana'a, ko wani gari, amma babu siffar abin da ake magana a kai. Wani lokaci kuma hoton yana nan, sai dai sunan da aka ba shi ba daidai ba ne, domin wanda ya ɗauke shi baƙo ne, bai san harshen ba. A ɗaya gefen kuwa, wayoyin ɗalibai cike suke da hotunan kasuwanni da gine-gine da bukukuwa. A wannan takarda za mu bayyana yadda ake saka hoto a wannan kundin sani, da yadda wanda ya iya zai koya wa sabon shiga, tare da ba da ƙarfi a kan abin da ya shafi ɗalibin harshe, wato suna da bayanin hoto.

2. Wikipedia da Commons

An buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairu, 2001. Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka kafa ta, kuma tun 2003 Gidauniyar Wikimedia, wadda ke ƙasar Amurka, ita ke kula da na'urorinta. Amma rubutun da ke ciki aikin ƴan sa kai ne.

Abu na farko da sabon shiga zai sani shi ne, yawancin hotunan da yake gani a Wikipedia ba a cikinta suke zaune ba. Suna cikin wata ma'ajiya mai suna Wikimedia Commons, wadda aka buɗe a watan Satumba na 2004. A iya kwatanta ta da rumbun gandu: kowa na zubawa, kowa na ɗiba. Hoton da aka saka a Commons sau ɗaya, ana iya amfani da shi a Wikipedia ta Hausa da ta Faransanci da ta Larabci da sauransu, ba tare da an sake saka shi ba. A shekarar 2023 yawan fayilolin wannan ma'ajiya ya haura miliyan 100.

3. Haƙƙin mallaka da lasisi

A nan ne sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe. Ƙa'idar ita ce, hoto na wanda ya ɗauka ne, ba na wanda ke cikinsa ba, ba kuma na wanda yake cikin wayarsa ba. Idan ka je gidan hoto aka ɗauke ka, haƙƙin yana hannun mai hoton. Haka nan hoton da aka turo maka ta WhatsApp, ko wanda ka kwafo daga Facebook ko daga jarida, ba naka ba ne. Ƴan sa kai na Commons suna bincika sababbin hotuna, suna goge waɗanda aka kwafo, kuma wanda ya ci gaba da saka irinsu bayan gargaɗi ana iya rufe asusunsa. Idan hoton na wani ne kuma ya yarda a saka, sai shi da kansa ya aika da izininsa a rubuce ga kwamitin ƴan sa kai da ke duba irin waɗannan wasiƙu.

Wanda ya saka hotonsa zai zaɓi lasisi, wato sharuɗɗan da wasu za su bi kafin su yi amfani da shi. Waɗanda aka fi amfani da su na ƙungiyar Creative Commons ne, wadda ta fitar da lasisinta na farko a 2002. Uku ne ya kamata a sani:

(a) CC BY: kowa na iya amfani da hoton, muddin ya ambaci sunan mai shi.
(b) CC BY-SA: kamar na farko, da ƙarin cewa duk wanda ya sarrafa hoton dole ya fitar da nasa a kan lasisi iri ɗaya.
(c) CC0: mai hoton ya bar wa duniya, ba tare da wani sharaɗi ba.

Dole mai koyarwa ya fito fili ya gaya wa sabon shiga abu biyu. Na ɗaya, dukkan waɗannan sun yarda a yi kasuwanci da hoton, misali a buga shi a littafin sayarwa ko a kalanda, domin Commons ba ta karɓar hoton da aka hana kasuwanci da shi. Na biyu, lasisin ba ya janyuwa. Magana zarar bunu ce, haka ma hoton da aka saki. Gara mutum ya san haka tun kafin ya danna, da ya zo daga baya yana da-na-sani.

4. Mutunci da tsaro

Samun haƙƙin mallaka bai isa ba idan akwai mutane a cikin hoton. A cikin gida, ko asibiti, ko wurin biki na dangi, sai an nemi izinin waɗanda za a ɗauka, a kuma gaya musu cewa duk duniya za ta iya gani. A ƙasar Hausa wannan ya fi muhimmanci game da matan aure da yara. Sau da yawa ma ba a bukatar fuska: idan ana son nuna yadda ake dama fura, hannu da ludayi da ƙwarya sun wadatar. A guji ɗaukar barikin soja da shingayen jami'an tsaro. A kuma tuna cewa waya takan rubuta wa hoto ranar da aka ɗauka, wani lokaci har da ainihin wurin. Wannan yana da amfani ga hoton masallaci ko dutse, amma yana da haɗari ga hoton da aka ɗauka a gidan mutum. Game da sababbin gine-gine da zane-zanen masu fasaha kuwa, dokokin ƙasashe sun bambanta, don haka sai a duba shafin Commons da ya yi bayanin dokar ƙasar da aka ɗauki hoton.

5. Matakan saka hoto

Na farko, a buɗe asusu. Suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya suna aiki a Commons da dukkan Wikipedia. Na biyu, a shiga shafin da ake kira Upload Wizard, a zaɓi hoton. A ɗauko na asali daga wayar da ta ɗauka, domin wanda ya bi ta WhatsApp yakan rage kyau, bayanan da ke cikinsa kuma su ɓace. Na uku, a tabbatar cewa aikin kai ne, a zaɓi lasisi. Na huɗu, a ba hoton suna da bayani da kwanan wata da rukuni. Na biyar, a koma maƙalar da ke bukatar hoton, a danna gyara, a nemo shi da sunansa, a saka shi tare da ɗan gajeren bayani a ƙarƙashi.

6. Aikin ɗalibin harshe: suna da bayani

Waya takan ba hoto suna na lambobi, wanda ba ya gaya wa kowa komai. Suna mai kyau yana amsa tambayoyi uku: mene ne, a ina, yaushe. Misali, "Hasumiyar babban masallacin Agadas, 2024". A bayani kuma sai a faɗaɗa: masallacin ƙasa ne da aka gina a ƙarni na 16, tsawon hasumiyarsa mita 27, yana cikin tsohon garin da Hukumar UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. A natsu wajen zaɓen suna, domin sabon shiga ba ya iya canza shi da kansa, sai ya roƙi waɗanda aka ba wannan izini.

Tun 2019 Commons ta ba da damar rubuta gajeren bayanin hoto a harsuna da yawa, har da Hausa. Ga abubuwa uku da za a kiyaye. Na ɗaya, haruffa masu lanƙwasa: "baki" daban, "baƙi" daban; "kasa" daban, "ƙasa" daban. Na biyu, bambancin rubutu: a Nijar ana rubuta "ƴaƴa", a Nijeriya "'ya'ya", kuma mai nema da ɗaya ba lalle ya sami ɗayan ba. Na uku, karin harshe: abin da Bakano ke kira "fura", a Hausar yamma "hura" ake cewa. Hanya mafi kyau ita ce a rubuta da daidaitacciyar Hausa, sannan a ƙara sunan da mutanen wurin suke kiran abin. Ta haka hoton ya zama shaida ga mai nazarin karin harshe. Sunayen rukunoni kuwa da Ingilishi ake rubuta su a Commons, don haka a nan sabon shiga yakan bukaci taimako.

7. Yadda ake koyarwa

Kada a cika wa sabon shiga kai da dokoki a rana ɗaya. A bar shi ya zo da hotuna biyu ko uku da ya ɗauka da hannunsa, ya saka su da kansa, mai koyarwa na gefe. Idan ya ga hotonsa ya bayyana a cikin maƙala, zai sami ƙarfin gwiwa. Idan kuma aka goge wani hotonsa, a karanta saƙon da aka bar masa tare da shi, a bayyana dalili, kada ya ɗauka cin fuska ne. Gasanni ma suna taimakawa. Wiki Loves Monuments ta fara a ƙasar Holan a 2010 don hotunan wuraren tarihi, Wiki Loves Africa kuma ta fara a 2014 da jigon abinci, a 2017 ta ɗauki jigon mutane a bakin aiki.

8. Kammalawa

Mun ga cewa saka hoto yana bukatar abu uku: hoton ya zama naka, waɗanda ke ciki su yarda, kuma a ba shi suna da bayani na gaskiya. Na ukun shi ne fagen ɗalibin harshe. Sana'o'i irin su rini da jima da ginin ƙasa suna sauyawa, kalmominsu kuma suna ɓacewa daga bakin matasa. Hoto mai ɗauke da sunan abu daidai yana adana abin da kalmar tare.

Aiki: Kowane ɗalibi ya ɗauki hoton abu uku daga sana'a ɗaya ta garinsu, ya tambayi mai sana'ar sunan kowane, ya rubuta suna da bayani na jimla biyu da daidaitacciyar Hausa, sannan ya nuna inda karin garinsu ya bambanta.