WANDA YA ƊINKA DODO BA YA TSORONSA

Da wuya mutum ya ratsa Sabon Ibadan, ko Agege, ko Idi-Araba da maraice bai tarar da samari sun haɗa kai a kan wayar ɗaya daga cikinsu ba. Wata rana ƙwallo suke bugawa a cikinta, wata rana tseren mota, wata rana kuwa sai a ji sun kwarma ihu gaba ɗaya, har mai wayar ya kusa yar da ita a kwata. To, wannan ihun shi ne cinikin waɗansu mutane. A ƙasashe da yawa akwai masu sana'ar ƙera wasannin kwamfuta na ban tsoro, kuma babu ɗayansu da ke iya sanin ko kayansa ya yi kyau, sai ya miƙa wa baƙo, ya koma gefe ya ga abin da zai faru.

Dalilin haka a fili yake. Wanda ya ɗinka rigar dodo ya san tsumman da aka yi ta da shi, ya kuma san wanda ke ciki, saboda haka ko da tsakar dare suka haɗu ba zai gudu ba. Haka mai ƙera wasa yake. Shi ya ɓoye abin tsoron a bayan ƙofa, shi ya ƙidaya masa daƙiƙar da zai fito, ya kuma bi ta wannan ƙofa sau ɗari yana gwaji. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan sana'a baƙo ne ke nuna wa mai ɗaki.

GASAR KWANA BIYU

Inda wannan magana ta fi fitowa sarai shi ne wurin wata irin gasa ta masu ƙera wasanni, wadda Turawa ke kira jam. Yadda ake yin ta shi ne, a ba da jigo guda, a ce kowa ya ƙera sabon wasa a kansa cikin kwana biyu ko uku. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu ita ce Ludum Dare, wadda aka fara ta intanet a 1 ga jerin shekarun nan na farko na ƙarnin nan, watau 2002. Tana da rukuni biyu sanannu. A na farko mutum shi kaɗai zai yi aikinsa cikin awa 48, zane da kiɗa duk daga hannunsa. A na biyu ana ba da awa 72, kuma an yarda abokai su haɗa gwiwa. Akwai kuma Global Game Jam, wadda aka fara a watan Janairu na 2009 a wurare 53 cikin ƙasashe 23. Da Leaf Corcoran ya buɗe shafin itch.io a 2013 kuwa, sai ya zama kowa yana iya shirya tasa gasar, har da waɗanda ba a karɓar kome a cikinsu sai wasan tsoro.

A Ludum Dare, bayan an rufe karɓar wasanni sai a shiga makonnin alƙalanci. Alƙalan kuwa su ne masu gasar da kansu. Kowa ya buga na 'yan'uwansa, ya ba da tauraro daga 1 zuwa 5 a fannoni dabam dabam, kamar daɗin bugawa, da sabuwar dabara, da bin jigo, da zane, da sauti, da ban dariya, da yanayi, watau irin halin da wasan ke jefa zuciyar mutum a ciki. Wasan da bai sami alƙalai 20 ba, ba a sa shi cikin jerin sakamako. An kuma tsara shafin yadda wanda ya fi duba na waɗansu, ya rubuta musu ra'ayinsa, shi ake fi tura wa masu dubawa. Aikin gayya ke nan, ka je gonar wani don a zo taka.

ME YA SA FILIN WASA?

Cikin wuraren da masu wasan tsoro suka fi son kafa labarinsu akwai filin wasa mai yawo irin na Amurka da Turai, wanda ake kafawa a bakin gari da tantuna, da lilo, da dawakin katako masu juyi, da ɗakin madubai masu karkata fuska, da 'yan barkwanci masu shafe fuska da farin fenti. Irin wannan fili ya bazu a Amurka bayan babban baje kolin Cikago na 1893, inda George Ferris ya kafa ƙaton lilonsa mai siffar ƙafar keke, mai tsawon kusan mita 80. Wuri ne na yara da alewa. Amma tun da daɗewa masu labarin tsoro suka gane cewa in aka kashe fitilunsa, aka bar kiɗan yana tashi ba kowa a wurin, to ya fi kango ban tsoro. Ray Bradbury ya gina littafinsa na 1962 a kan irin wannan fili. Kamfanin Midway ya fitar da wasan CarnEvil a 1998, sa'an nan Funcom na ƙasar Norwe ya fitar da The Park a 2015, labarin uwa mai neman ɗanta a filin wasa bayan an rufe shi.

Masana sun taɓa wannan batu. A 1970 wani shehun malamin ƙera mutum-mutumi na Japan, Masahiro Mori, ya yi bayanin cewa abin da ya yi kama da mutum ƙwarai amma bai ƙarasa ba, ya fi tayar da hankali fiye da abin da bai yi kama da shi ba sam. A 2008 kuma masu bincike na Jami'ar Sheffield a Ingila suka tambayi yara kimanin 250, 'yan shekara 4 zuwa 16, game da adon bangon asibiti, sai yaran suka nuna ba su ƙaunar hoton ɗan barkwancin nan mai fenti. Dariyar da aka zana a fuska ba ta gushewa, ba a kuwa san abin da ke bayanta ba.

Ga mai awa 48 kawai, filin wasa yana da wani amfanin kuma. Wuri ne da dama ba a tsammanin abubuwa su tafi bisa hankali, saboda haka in ƙofa ta kai mutum inda ya fito, ko mai sayar da tikiti ya kira shi da sunan da ba nasa ba, sai a ce ai haka mafarki yake. Amma fa a nan ne ramin yake.

RUƊANI IRI BIYU

Ra'ayoyin da masu bugawa ke rubutawa a ƙarƙashin irin wannan wasa sukan kasu gida uku. Na farko ƙorafin aiki ne: wasan ya ƙi buɗewa, ko maɓallan ba su amsawa, ko duhun ya yi yawa har ba a ganin hanya, ko ƙarar ta kusa fasa kunne. Wannan ba shi da gardama, gyara kawai yake so. Mai ƙerawa ya yi aikinsa ne a kan kwamfuta guda, a ɗaki guda, alhali masu bugawa suna da injuna iri iri, waɗansu kuma da rana tsaka suke bugawa, hasken taga yana dukan allon.

Na biyu shi ne zancen tsoron kansa. Abu ne mai sauƙi a firgita mutum da fuska mai faɗowa da ƙara, ko buga ƙofa ma yana yin haka. Sai dai masu bugawa sukan lura cewa in aka yi sau uku, na huɗu dariya yake ba su. Abin da suka fi yabawa shi ne fargaba, watau a bar mutum yana tafiya tsakanin tantuna yana jiran abin da bai zo ba tukuna. Tsawon wannan jira kuwa, mai ƙerawa ba ya iya auna shi da kansa, don shi ya san ƙarshensa.

Na uku, wanda ya fi wuyar sha'ani, shi ne mutum ya rubuta cewa bai gane ba. A wasan da aka gina kamar mafarki, rashin ganewa iri biyu ne. Akwai wanda bai gane abin da ke faruwa ba, bai san me ya sa dawakin katako ke bin sa da ido ba, amma ya san abin da zai yi, yana kuma so ya ci gaba. Wannan nasara ce. Akwai kuma wanda bai gane abin da ake so ya yi ba, ya yi minti goma yana zagaya tanti guda yana neman mabuɗi. Wannan, tsoronsa ya riga ya koma haushi, in ya rufe wasan kuwa ba zai dawo ba. Kalma ɗaya su biyun za su rubuta. Aikin mai ƙerawa ne ya tambaya: a ina ka tsaya, me ka gwada, me ka zaci zai faru?

Har ila yau akwai wani abin lura. Alƙalan gasa abokan sana'a ne, kowa ya san wahalar da ɗan'uwansa ya sha, ga shi kuma yana jiran a duba nasa, saboda haka sukan sassauta harshe. Yabo goma na alkunya bai kai mutum ɗaya da ya faɗi inda ya maƙale ba. Shi ya sa masu ƙerawa ke murna in wani ya ɗauki kansa yana buga wasan ya sa a YouTube ko Twitch, gama fuska ba ta iya alkunya.

WAƊANDA SUKA SAURARA

Daniel Mullins, mutumin Kanada, ya shiga Ludum Dare ta watan Disamba na 2014 da wani ɗan wasa mai suna Pony Island. A ido, wasan yara ne na ƙaramin doki mai tsallake shinge a cikin tsohuwar na'urar wasa, amma da tafiya ta yi nisa sai ya bayyana Shaiɗan ne ya ƙera na'urar don ya tsare rayukan masu bugawa. Karɓuwar da ya samu ita ta sa Mullins ya faɗaɗa shi, ya fitar da shi kasuwa a watan Janairu na 2016. A ƙarshen 2018 ya sake shiga gasar, jigon kuwa sadaukarwa ne, ya ƙera wasan karta da ake bugawa da wani halitta a cikin bukka mai duhu. Wannan shi ya zama Inscryption, wanda ya fito a watan Oktoba na 2021, ya kuma haura kwafi miliyan ɗaya a watan Janairu na 2022.

Labarin Scott Cawthon na Amurka ya fi wannan ɗaci, ko da yake shi ba daga gasa ya fito ba. A 2013 ya fitar da wasan yara mai suna Chipper & Sons Lumber Co., sai masu dubawa suka yi masa ca, suka ce dabbobinsa suna motsi kamar 'yan tsanan da inji ke juyawa, ban tsoro suke yi maimakon ban sha'awa. Abin ya dame shi har ya kusa barin sana'ar. Daga baya ya ɗauki wannan suka ya mai da ita jari. A watan Agusta na 2014 ya fitar da Five Nights at Freddy's, inda mai gadin dare a gidan abincin yara ke tsare kansa daga irin waɗannan 'yan tsana tun daga sha biyun dare har ƙarfe shida na safe, wutar lantarkinsa tana ƙarewa a hankali. Fim ɗin da aka yi a kansa a 2023 ya tara kusan dala miliyan 300.

Masu sukar Cawthon sun faɗi gaskiya game da abin da suka ji a jikinsu, amma babu wanda ya ce masa ya koma wasan tsoro, shi ya gano wannan da kansa. Haka abin yake ko yaushe. Mai bugawa shi ya san inda ciwon yake, maganin kuwa sai mai kayan ya nema. Wanda ya bi kowace shawara, in an ce ƙara haske ya ƙara, in an ce yi bayani ya yi, zai wayi gari ya ga filin wasansa ya zama fili kawai, ba duhu, ba asiri. Wanda kuma ya toshe kunne ya ce ba a fahimci fasaharsa ba, zai zauna da dodonsa shi kaɗai.

GA MASU SHA'AWA

Wannan sana'a ba ta Turawa kaɗai ba ce. A nan Legas Hugo Obi ya kafa kamfanin Maliyo Games a 2012 don ƙera wasannin waya masu labarin Afirka, gasannin intanet kuwa da yawa ba su neman kuɗin shiga. Yaron da ya tashi yana jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Dodo a wurin kakarsa, ya ga masu wasa da kura a kasuwa, sa'an nan ya girma yana kauce wa egungun a titin Ibadan, ba zai rasa abin da zai gina a kai ba. In ya ƙera, to ya ba wanda bai san kome game da wasan ba, ya zauna bayansa ya yi shiru, kada ya nuna masa hanya ko sau ɗaya, ya rubuta duk inda ya tsaya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Shi kuma mai bugawa, in wani ya miƙa masa aikin da ya hana kansa barci kwana biyu a kansa, kada ya tsaya ga cewa ya yi kyau ko bai yi ba. Ya faɗi a wace ƙofa gabansa ya faɗi, a wane tanti ya ɓace, da kuma a wane minti ya so ya ajiye wayar.