Kalmar “Definite” da Yadda Ake Aiki da Ita a Jimlar Ingilishi

Daga cikin kalmomin Ingilishi waɗanda ɗalibi yake fara cin karo da su tun yana ƙaramar makaranta, ya kuma ci gaba da ganinsu a takardun ofis da jaridu da littattafan kimiyya muddin yana karatu, akwai kalmar “definite”, wadda ake fassarawa da abin da yake bayyananne, tabbatacce, wanda babu kokwanto a cikinsa. Fassarar daidai take, sai dai ba ta wadatar ba, domin Ingilishi yana da kalmomi da dama da suke kewaye da wannan ma'ana, irin su “sure” da “certain” da “clear”, kuma ɗalibin da ya haddace su duka a kan ma'ana guda, wato tabbas, zai riƙa sa wannan a gurbin waccan a inda masu harshen ba sa yin haka, har ya rubuta magana wadda nahawunta ya inganta amma maƙasudinta ya karkace. Abin da ya raba wannan kalma da 'yan'uwanta shi ne tabbacin da take nufi yana jikin abin da ake magana a kansa, ba a zuciyar mai magana ba.

Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan dā, wanda malaman Turai suka daɗe suna rubuta ilminsu da shi. A can akwai kalmar “finis”, ma'anarta iyaka ko ƙarshe, daga gare ta aka gina aikatau “definire”, wato kafa wa abu iyaka, daga nan kuma aka sami “definitus”, abin da aka riga aka iyakance. Ta zauna a Ingilishi wajen ƙarni na 16, zamanin da marubutan Ingila suke kwasar kalmomin Latin da yawa domin su bayyana al'amuran falsafa da shari'a da lissafi da harshensu. Danginta a Ingilishi suna da yawa: “finish” da “final” da “finite” da “define” duk tushensu ɗaya.

Wanda ya zauna a gaban malami a zaure ba zai ji wannan tunani baƙo ba, domin malaman manɗiƙi suna kiran ta'arifin abu haddi, kuma haddi a lugga iyaka ne, suna kuwa sharɗanta masa ya zama ya tattara duk abin da yake na cikinsa, ya kuma hana shigowar duk abin da ba nasa ba. Haka nan malaman fiƙihu suka bambance a babin uƙuba tsakanin haddi wanda Shari'a ta ƙayyade adadinsa, da ta'aziri wanda aka bar wa alƙali ya auna gwargwadon hali. Na farkon shi Bature zai sifanta da “definite”. Misalin abin da yake “definite” kamar gona ce da aka dasa wa gamba a iyaka ta kowane ɓangare: ko mai ita yana nan ko ba ya nan, ko maƙwabci ya so ko ya ƙi, kowa ya zo zai ga inda ta fara da inda ta tsaya.

A jimla, kalmar sifa ce, kuma mafi yawan zamanta gaban suna ne. Ɗan kasuwan da ya gaji da jeka-ka-dawo zai rubuta wa abokin cinikinsa: “We need a definite answer by Friday”, wato muna bukatar amsa tsayayya kafin Juma'a ta wuce, ko i ko a'a, ban da “sai mun gani”. Idan an kai kuɗin aure amma ba a sa rana ba, za a ce: “No definite date has been fixed for the wedding.” Likita kuma da ya duba majinyaci ya ga zazzaɓi ya sauka, ya ga ya fara cin abinci, zai ce: “There is a definite improvement”, yana nufin sauƙin ya fito fili, ana iya nuna shi da yatsa, ya wuce matsayin fata da kyautata zato. Sunayen da ta fi yi wa rakiya su ne na amsa da rana da shiri da alama da hujja da adadi, wato abubuwan da a kan same su wani lokaci a tsaye, wani lokaci a warware. Tana kuma zuwa bayan aikatau a matsayin da masu nahawun Larabci suke kira habari, kamar a ce “Nothing is definite yet”, har yanzu ba a tsai da kome ba, kuma wannan ita ce amsar gaskiya ga wanda ya tambayi ranar Salla tun ba a ga wata ba.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne tsakaninta da “certain”, saboda haka ya kamata mu ɗan dakata a nan. Malamanmu sun jera martabobin sani huɗu: yaƙini, da zato mai rinjaye, da shakka, da wahami, dukkansu kuwa halaye ne na zuciya. Kalmomin “sure” da “certain” su ne suke auna wannan, shi ya sa mutum yake cewa “I am sure” ko “I am certain” idan yana ba da labarin abin da ya sakankance da shi. Ana kuma cewa “He is certain to come”, lalle zai zo, alhali ba a cewa “He is definite to come”, wannan ginin ba ya cikin harshen ko kaɗan. To, abin mamaki shi ne idan “certain” ta zo bayan “a” gaban suna, sau da yawa sai ma'anarta ta juya ta koma “wani”: “a certain man” wani mutum ne da ba a ambaci sunansa ba, “a certain date” kuma wata rana ce da mai magana ya sani amma bai faɗa ba. Wanda ya rubuta wa ma'aikata yana son a tsai da masa rana, ya ce yana neman “a certain date”, ya buɗe ƙofar da yake so ya rufe, domin abin da yake nema “a definite date” ne. Ko a inda aka jingina kalmar ga mutum, kamar “She was very definite about it”, abin da ake sifantawa furucinta ne, wato ta yi magana ƙarara ba tare da kwana-kwana ba. Ko abin da ta faɗa gaskiya ne ko kuskure, jimlar ba ta yi hukunci a kai ba.

Akwai wani lafazi da yake yaudarar mai karatu, ina kuma ganin ya wajaba kowane malamin Ingilishi ya tsaya a kansa, shi ne “a definite possibility”. Mai neman aiki da aka gaya wa haka yakan koma gida da murna, yana zaton an yi masa alkawari, saboda kunnensa ya kama kalmar farko ya saki ta biyu. Haƙiƙanin abin da aka tabbatar masa shi ne yiwuwar, ba aukuwar ba: an ce masa lalle abin mai yiwuwa ne, ƙofa ba a rufe take ba, iyakar abin da aka faɗa ke nan. Sifa ba ta wuce sunan da take sifantawa, kuma mai karanta wasiƙun ma'aikatu da na jami'o'i zai tsira daga baƙin ciki mai yawa idan ya riƙe wannan ƙa'ida.

Kalmar “definite” tana da 'yar'uwa mai kama da ita ƙwarai, wato “definitive”, amma aikinsu daban. “A definite answer” amsa ce bayyananniya, ko da gobe za a sauya ta. “A definitive answer” kuwa ita ce wadda ta yanke magana, babu wata bayanta, irin hukuncin kotun ƙoli. Littafin da aka kira “definitive” shi ne wanda ya zama madogara a fanninsa.

Daga sifar “definite” aka ciro bayanau “definitely”, wadda a yau ta fi uwarta yawo a bakin mutane. Mazauninta bayan ƙaramin aikatau mai taimako ne, gaban babban aikatau: “I will definitely come”, lalle zan zo. Tana iya tsayawa ita kaɗai ta zama amsa, kamar yadda muke cewa “ƙwarai kuwa”, idan kuma aka ce “Definitely not” an yi musu mai ƙarfi ke nan, daidai da “sam” ko “faufau”. Amma a jimlar korewa wajibi ne a lura da inda aka ajiye ta, domin “I definitely won't come” ma'anarta lalle ba zan zo ba, an yanke, alhali “I won't definitely come” ma'anarta zuwana bai tabbata ba, mai yiwuwa in zo, mai yiwuwa in fasa. Kalmomin ɗaya ne, adadinsu ɗaya, gaba da baya kawai aka yi, sai kore tabbaci ya maye gurbin tabbatar da korewa. Ni dai ina ƙyamar yadda ake watsa wannan kalma a kowace jimla don ado, domin lafazi ne na ɗaukar alkawari, kuma wanda ya saba furta shi a kan abin da bai mallaka ba, ranar da yake nufinsa da gaske ba za a bambance ba.

A fagen nahawu ma kalmar tana da babban matsayi, domin ƙaramar kalmar nan “the”, wadda ta fi kowace kalma yawan aukuwa a rubutun Ingilishi, sunanta “definite article”, su kuma “a” da “an” ana kiransu “indefinite article”. Wannan shi ne babin ma'arifa da nakira wanda almajiri yake karantawa a Ajurumiya, littafin Ibn Ajurrum mutumin Fas wanda ya rasu a 1323, inda aka lissafa ma'arifa iri biyar, ɗaya daga ciki suna mai alif da lam. Hausa ma tana da nata, sai dai a ƙarshen suna take liƙa shi: idan na ce na ga yaro, ko wane yaro ne, idan na ce na ga yaron, to wanda muka riga muka sani ne, haka mota da motar. Duk da wannan kusanci, harsunan uku ba su yi ittifaƙi a kan wuraren aiki ba. Bahaushe yana cewa rana ta fito, wata ya tsaya, ba tare da wata alama ba, Bature kuwa dole ya ce “the sun” da “the moon”. Balarabe yana sa alif da lam a kan sunayen ma'ana irin haƙuri da ilmi idan yana maganarsu a dunƙule, Bature kuma yana barinsu tsirara, ya ce “Patience is good”. Saboda haka ɗalibin da ya fito daga karatun Larabci yakan cusa “the” inda ba a bukatarta, wanda ya fito daga Hausa zalla kuma yakan bar ta inda ta wajaba.

Masu kimiyya sun riƙe kalmar a kan ma'anarta ta asali. Littattafan makaranta suna koyar da cewa daskararren abu yana da siffa da girma waɗanda suke “definite”, ruwa yana da ƙayyadadden girma amma siffarsa ta mazubinsa ce, iska kuwa ba ta da ko ɗaya. A ƙarshen ƙarni na 18 wani masanin haɗa sinadarai Bafaranshe, Joseph Proust, ya bayyana ƙa'idar da Ingilishi yake kira “law of definite proportions”, wadda take cewa kowane haɗaɗɗen sinadari yana ƙunshe da sassansa bisa ma'auni guda da ba ya sauyawa: tsarkakakken ruwa, na Kogin Kwara ne ko na Tamis, a nauyi kashi 1 na haidurojin yake ɗauke da shi ga kimanin kashi 8 na oksijin.

Kishiyar “definite” ita ce “indefinite”, abin da ba a sa masa iyaka ba, kuma 'yan Nijeriya sun san ta a kanun jaridu, domin “indefinite strike” shi ne yajin aikin sai baba ta gani. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu a matsayin gargaɗi na makonni ƙididdigaggu, aka yi ta ƙara wa'adi, a watan Agusta aka mai da shi “indefinite”, bai kuwa ƙare ba sai 14 ga Oktoba, bayan wata takwas. Wannan ya nuna kalmar ba ta nufin har abada, abin da take nufi ba a ambaci ranar ƙarewa ba. Rashin iyakar kuma ba kullum yake zama sharri ba: a dokar shige da fice ta Birtaniya, baƙon da aka ba “indefinite leave to remain” ya sami izinin zama wanda ba a yanka masa wa'adi ba, kuma shi ne abin da masu zama can suke shekaru suna nema.

Saura rubutu da furuci. Gaɓoɓin “definite” uku ne, ana ƙarfafa ta farko, wasalin ƙarshe na rubutu ba a furta shi, sai ta fito kamar “definit”. Saboda wasalin gaɓar ƙarshe yana da rauni a baki, kunne ba ya rarrabe ko “i” ne ko “a”, shi ya sa hatta 'ya'yan Ingila da Amurka suke yawan rubuta “definately”, wanda kuskure ne. Maganinsa a tuna cewa kalmar “finite” tana zaune cikakkiya a cikinta, babu harafin “a” ko ɗaya a ciki. Wayoyin hannu da kwamfuta sun ƙara wata fitina, domin idan mutum ya karkata harufan, na'urar takan gyara masa zuwa “defiantly”, kalmar da take nufin yin abu cikin bijirewa da taurin kai, sai ma'aikacin da ya yi niyyar gaya wa shugabansa lalle zai halarci taro ya aika masa cewa zai halarta cikin tsaurin ido. Don haka duk takardar da wannan kalma ta shiga, a bi harufanta ɗaya bayan ɗaya kafin a sa hannu a aika.