Kowace Ƙwarya da Abokiyar Burminta: Yadda Ake Zaɓen Iyafis

Idan ka shiga kasuwar waya neman iyafis, mai shago zai ciro maka wani daga kwali mai ƙyalli, ya jona a wayarsa, ya sako kiɗan da ke dukan ƙirji, ya ce, "Alhaji, ji bes!" Ka biya ka kama hanya. Sai dare ya yi ka kunna ƙira'a ko wata tsohuwar waƙar Shata, ka ji muryar kamar daga cikin randa take fitowa. Ba lallai jabu aka sayar maka ba. An dai haɗa ƙwarya ne da wadda ba abokiyar burminta ba.

Lafiyayyen kunnen matashi yana jin sauti daga hertz 20 zuwa 20,000, wato yawan kaɗawar da sautin ke yi a daƙiƙa guda. Wannan zango hawa uku ne. A ƙasa akwai kakkauran sauti irin na tambari da babbar ganga, shi ne bes. A tsakiya akwai muryar mutum da yawancin kayan kiɗa. A sama kuma akwai siririn sauti, irin na caki da shewar harafin "s". Kowane kamfani yana da hawan da yake fifitawa, kamar yadda wata uwargida ke cika yaji a miya, wata ta cika daddawa. Saboda haka lambar nan ta 20 zuwa 20,000 da ake bugawa a bayan kusan kowane kwali ba ta gaya maka komai game da daɗin abin da ke ciki.

Mai son Afrobeats, amapiyano, hip-hop ko waƙoƙin nanaye na fiyano, bes ne abincinsa. Amma bes iri biyu ne. Akwai mai tsabta, wanda ke duka ya janye, kana jin kowane bugu daban. Akwai kuma mai ruri, wanda ke malala ya danne muryar mawaƙi. Idan sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane abin da ake faɗa a baiti, ajiye shi.

Kiɗan gargajiya lissafinsa daban. Kalangun Mamman Shata magana yake yi, yana hawa yana sauka gwargwadon matsar tsarkiya a hammata. Kotson Musa Ɗanƙwairo yana tafiya ne tare da 'yan amshi masu shiga da fita a kan juna. Kuntigin Ɗan Maraya Jos kuwa tsirkiya ɗaya ce tal. Duk waɗannan a tsakiya suke zaune, don haka suna buƙatar abin da bai cika bes ba, bai kuma cika kaifi ba. Dalilin gudun kaifin shi ne yawancin waɗannan waƙoƙi daga faifai da kaset aka kwafo su, suna ɗauke da shuu ɗin nan na tsohon ɗauka, kuma iyafis mai kaifin sama shi zai fara kawo maka kafin waƙar. Haka abin yake ga mai sauraron tafsiri, ƙira'a, labaran rediyo ko littafin da ake karantawa: murya yake nema, a fito masa da ita sarai.

Bayan abin da kake saurare, sai inda kake saurare. Ƙaramin da ake cusawa cikin kunne shi ya fi dacewa da hanya, amma sirrinsa yana ga robar bakinsa. Galibi ana sako girma uku a kwali, kuma mutane da yawa ba sa ko kallon sauran biyun. Idan robar ba ta toshe kunnen da kyau ba, bes ya tsiyaye, hayaniya ta shigo, sai ka yi ta ƙara murya. Babban hedifon mai rufe kunne gaba ɗaya ya fi faɗin sauti, sai dai a zafin Afrilu kunne zai jiƙe da gumi. Shi ma iri biyu ne. Mai rufaffen baya yana tsare sauti a ciki, shi ya sa mawaƙi ke sa shi a situdiyo don kada kiɗan ya koma cikin makirufo. Mai buɗaɗɗen baya, wanda kamfanin Sennheiser na Jamus ya fara fitarwa a 1968, yana sa ka ji kamar makaɗan na gabanka a fili, amma duk wanda ke kusa zai ji abin da kake ji. Na ɗaka ne, ba na cikin mota ba.

Akwai kuma masu kashe hayaniya, fasahar da kamfanin Bose na Amurka ya fara yi wa matuƙa jirgin sama. Ƙananan makirufo ne ke ɗaukar ƙarar waje, na'urar ta fitar da kishiyarta, su soke juna. Tana aiki sosai a kan ƙara mai ɗorewa kamar rurin janareto ko injin mota, amma ba ta cika iya kukan yaro ko hirar mutane ba. Wanda ke kan babur ko yake tsallaka titi kuwa, ya nisance ta, domin hon ɗin da bai ji ba shi ne ajalinsa.

Tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, bulutut ya mamaye kasuwa. Yana da sauƙin sha'ani, amma yana son caji, batirinsa na mutuwa bayan 'yan shekaru, kuma mai arha yakan yi jinkiri, ka ga bakin ɗan wasa ya motsa kafin maganar ta iso. Iyafis mai igiya kuwa ba ya neman caji, abin da mai fama da ɗaukewar wuta ya san darajarsa. Idan babban hedifon za ka saya, duba lambar ohm: 16 zuwa 32 waya za ta iya tuƙa shi, amma mai 250 sai da amfilifaya. Mai motsa jiki kuma ya nemi alamar IPX4, wadda ke nuna yana jure gumi da yayyafi.

Duk wannan zaɓe banza ne idan kunnen ya tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙarfi. Ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, idan ya kai 90 kuwa awa 4 kacal. Ƙananan ƙwayoyin da ke karɓar sauti a can cikin kunne, idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Kada muryar ta wuce kashi 60 cikin 100, ka riƙa hutar da kunne bayan kowace awa, kuma idan ka cire ka ji yana ƙugi, gargaɗi ne.

Don haka ranar saye, je da wayarka. Zaɓi abu uku da ka haddace kamar sunanka: kiɗa mai bes, waƙar gargajiya, da muryar malamin da ka saba ji. Saurare su a matsakaiciyar murya, ka bar abin a kunne na 'yan mintoci ka ji ko yana matsa maka. An ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki, ji ne ke korar gani. Ƙyallin kwali na mai shago ne, kunnen kuwa naka ne.