Gam ɗin Kasuwa Ba Cikon Haƙori Ba Ne

Wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp tsakanin mutanen Gwandu da ɗaliban jami'ar tarayya da ke Kalgo. Mai maganar ya ce wai farin cikon da likita ke gyara karyayyen haƙori da shi Super Glue ne aka sauya wa kwalba, don haka kowa ya liƙa abinsa a gida. Ko tausayin yaran da za a gwada wannan a bakinsu bai ji ba.

Wanda ya yarda da shi ba wawa ba ne. Likitan haƙori sai an je Birnin Kebbi ko Sakkwato, ga kuɗin mota, ga budurwa da haƙorin gaba a ɓalle ana saura mako biki.

Amma ƙarya ce. Cikon asibiti haɗin roba ne da garin gilashi mai laushi, wanda Rafael Bowen ya samar a Amurka a farkon shekarun 1960. Likita kan goge wurin, ya shafa wani ruwa mai tsami na 'yan daƙiƙoƙi don ya kama, ya ɗora cikon kaɗan-kaɗan, ya haska masa shuɗiyar fitila har ya daskare. Kafin duk wannan, sai ya duba ko karayar ta kai jijiya. Nan ne gam ke yin ɓarna: yakan rufe datti da ƙwayoyin cuta a ciki, ya ƙona dasashi, ya manne leɓe. Idan jijiyar a buɗe take, tana iya ruɓewa, kunci ya kumbura da mugunya, haƙorin da ciko zai ceta ya koma sai cirewa.

Wanda haƙorinsa ya karye ya tsinci guntun, ya jefa a madara, ya nemi likita a ranar. Sau da yawa guntun nan ake mayarwa. In ya ɓace a gina da ciko, in karayar ta yi yawa a yi masa rufin tangaran.

Batun da saƙon ya ƙara cewa shuɗiyar fitilar na jawo sankara kuwa, babu hujja a kai. Cewa ana toshe wushirya dole, shirme ne; sai mai ita ya nema.

Abu ɗaya saƙon ya faɗa daidai: cikon ba ya dawwama. Goro, shayi da taba suna rina shi, tauna ƙashi ko ƙanƙara na iya fasa shi, kuma bayan wasu shekaru yakan buƙaci gyara.