Yadda kwamfuta ke gano katangar da za ta rushe tun kafin a gina ta

Garin Ƙaura Namoda yana bakin Kogin Gagare, kuma a irin wannan wuri ruwan damina kan ci gaɓa, ya buɗe kwazazzabai. Maganin da aka saba yi shi ne katangar kankare mai tare ƙasa.

Babban abin da ke kayar da irin wannan katanga shi ne ruwan da ke taruwa a bayanta. Ruwa mai cika kubik mita ɗaya nauyinsa tan ɗaya ne. Haka kuma, idan aka ninka tsayin katanga, ƙarfin da ƙasa ke tura ta da shi yakan ninka sau huɗu.

Shi ya sa injiniyoyi ke amfani da manhajoji irin su PLAXIS. Sukan zana katangar da ƙasar a kwamfuta, su kasa su ƙanana-ƙanana har dubbai, su shigar da sakamakon gwajin ƙasar wurin. Daga nan sai su ƙara ruwa, su ga ko katangar za ta zame, ta kife, ko harsashinta ya nutse. A bisa ƙa'ida, ana so ƙarfin riƙewa ya zarce na turi da aƙalla kashi 50 cikin 100. Sai dai idan ba a auna ƙasar da gaske ba, lissafin ba shi da amfani.

A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Tunda bashi ne da 'yan ƙasa za su biya, mazauna Dauran, Zurmi da Shinkafi na da haƙƙin tambayar duk ɗan kwangilar da aka turo musu: ina rahoton gwajin ƙasa, ina kuma ramukan fitar da ruwa a jikin katangar?