Wayar Hannu da Awon Ƙarfin Ɗan Kokawa a Ƙasar Gobir

Jama'a, duk wanda ya taɓa cin kaka a Sabon Birni ko Isa ya san yadda Bagobiri ke auna ƙato: a dubi wuyansa da ƙwaurinsa, a ga yadda yake dasa ƙafa, sa'an nan a bar fage ya yanke hukunci. Haka abin yake a ƙetaren iyaka, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin kokawa na farko na ƙasar Nijar a Tawa cikin 1975. Sai dai awon ido ba ya bayyana ko ƙarfin yaro ya ƙaru tsakanin bara da bana. Wannan gurbin ne wayar hannu za ta iya cikewa.

Mu ɗauki tsalle, domin shi ne ke nuna ƙarfin cinya. A ɗauki hoton ɗan wasa da kyamarar waya yana daka tsalle a tsaye, a ƙirga lokacin da ya yi a sama. Lissafin kimiyya ya nuna wanda ya yi rabin daƙiƙa ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba ya tashi kimanin santimita 31. A kan wannan ƙa'ida aka gina manhajar My Jump, wadda masanin wasanni na ƙasar Sifen, Carlos Balsalobre, ya jarraba ingancinta cikin 2015. Amma fa akwai sharaɗi. Wayar da aka yi jarrabawar da ita tana ɗaukar hotuna masu yawa a daƙiƙa guda, har wasu na yanzu kan kai 240, alhali ƙaramar waya 30 kawai take ɗauka. Kuskuren hoto ɗaya a irin wannan waya ya kai santimita 4, wato ya isa ya mayar da rago gwani a kan takarda.

Juriya kuwa, tun 1968 wani likitan sojan Amurka, Kenneth Cooper, ya tsara awonta: mutum ya yi gudu na minti 12, a auna nisan da ya ci. Waya tana yin wannan ta saƙon tauraron ɗan'adam. Abin lura a nan shi ne ba ta bukatar layin sadarwa, kuma mutanen Isa da Sabon Birni, waɗanda aka katse wa layi cikin 2021 saboda matsalar tsaro, sun san muhimmancin wannan magana.

Ni dai a ganina, awon da ya fi amfani shi ne na bugun zuciya. A ɗora yatsa a kan kyamara, fitila ta haska shi, wayar ta ƙirga yadda jini ke kai da komowa. Baligi mai lafiya zuciyarsa kan buga sau 60 zuwa 100 a minti in yana hutawa, wanda ya horu kuwa takan sauka ƙasa da haka. Idan ɗan kokawa ya riƙa aunawa kowace asuba kafin ya tashi daga shimfiɗa, ya rubuta a littafi, ranar da adadin ya hau fiye da yadda ya saba, to ko gajiya ba ta sake shi ba, ko zazzaɓi na tafe. Ran nan ubangidansa ya hana shi fage, kome kirarin da makaɗa za su yi masa.