Karayar Zuciyar Ɗalibin Kwaleji: Abin da Muka Gani a Dutsin-Ma da Kurfi

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a duba wani ciwo da ke cin ɗalibai da yawa a ɓoye, watau karayar zuciya. Mun ɗauki misalinmu daga Dutsin-Ma, ƙasar 'Yandakan Katsina, domin gari ne da ya tara manyan makarantu biyu: Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, da Jami'ar Tarayya wadda aka kafa a 2011. Yawancin maganarmu kuwa a kan ɗalibin kwaleji za ta tsaya, don shi ne aka fi rainawa, har shi ma ya koyi raina kansa.

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi ya san irin samarin da ake ɗauka a bakin titi, da ɗan buhun gero ko gari da jakar littattafai. Da yawansu jami'a suka nema, makinsu bai kai ba, suka shiga kwaleji a kan dole. Daga nan cutar take farawa. Yaro ya zauna a aji yana ganin kamar ajiye shi aka yi kafin wani abu ya samu, ga shi kuma tun yana ƙarami yake jin ana yi wa albashin malamin firamare ba'a.

Ba za mu yi wa ɗalibin nan adalci ba in muka ce lalaci ne kawai. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. Mahaifin da ke biyan kuɗin makaranta da amfanin gona, wata daminar bai iya zuwa gonarsa ta nesa ba saboda 'yan bindiga. A watan Oktoba na 2023 ma an sace ɗalibai mata biyar na jami'ar daga gidan da suke haya a cikin garin Dutsin-Ma. Su kuma 'yan jami'a sun yi zaman gida na wata takwas a yajin aikin 2022. Wanda ya ce waɗannan ba su isa su sanyaya gwiwa ba, bai taɓa yin bitar jarrabawa da yunwa ba.

Amma fa akwai wani lissafi da ɗalibi ya kamata ya sani tun ranar da ya yi rajista. Karatun takardar NCE shekara uku ne, kuma sakamakon ƙarshe jimlar makin dukkan zangunan ne ake rabawa. Ma'ana, sakacin shekarar fari ba ya mutuwa. Yana nan yana jan makin ƙasa har ranar fita. Darasin da aka faɗi kuwa sai an maimaita shi, ya hau kan na sabuwar shekara, kaya ya yi nauyi, wani lokaci har ya jawo ƙarin shekara da ƙarin kuɗin haya. Talaka ne ya fi kowa cutuwa da faɗuwa, domin shi ne ba shi da abin biyan shekara ta huɗu. A ɗaya gefen, wanda ya fita da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Ashe ƙofar da yake ganin an rufe masa tana nan buɗe, sai dai ta cikin ajin da yake gudu za a bi a kai gare ta.

Sai mu waiwayi sunan da ke jikin ƙofar kwalejin. Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda aka haifa a 1912 ya rasu a 1994, ɗalibin Kwalejin Katsina ne, makarantar da aka buɗe a 1922 musamman don horar da malamai. Da alli ya fara, a Makarantar Midil ta Katsina, kafin ya yi aikin rediyo a Ankara ta ƙasar Gana lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya zama Ministan Ilmi na Jihar Arewa. Yana kan wannan kujera aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mu ɗaliban Hausa muna da misalin da ya fi kusa da mu: Abubakar Imam yana malami a wannan Midil ɗin ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, kuma daga aji aka kai shi ga aikin talifi a Zariya, har ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Kurfi ma ta ba da nata: Alhaji Amadu Kurfi ya riƙe sakatarcin hukumar da ta gudanar da zaɓen 1979, ya rubuta littafi a kan zaɓuɓɓukan Nijeriya, sannan ya zama Maraɗin Katsina.

Wani zai ce, ai zamaninsu aiki ke neman mai takarda, yau kuwa mai takarda ke yawon neman aiki. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Sai dai abin da ya fitar da Imam daga cikin tsararrakinsa iya rubutu ne, kuma har gobe wanda ya iya tsara wasiƙa, ya iya fassara, ya iya tsayawa gaban yara arba'in su gane abin da yake faɗi, ba ya rasa mai nemansa. Takardar da babu wannan a bayanta ita ce ke tsufa a cikin akwati.

A nan muke roƙon malamanmu su sa ido tun zangon farko, kafin maki ya lalace. Ɗalibin da ya daina zuwa aji sau da yawa kunya ce ta hana shi cewa ba shi da kuɗin takardun darasi, ko kuma Turancin lacca ya fi ƙarfinsa. Kira guda zuwa ofis yakan warware abin da gargaɗi goma a allon sanarwa bai warware ba. Ga kuma asusun ba ɗalibai rance da Gwamnatin Tarayya ta buɗe a 2024, wanda ta intanet ake cike takardunsa. Ƙungiyoyin ɗalibai na Kurfi da Safana da Batsari suna iya zaunar da 'yan ajin farko su nuna musu yadda ake yi, su kuma haɗa su da na gaba da su don bita a makon da ya gabaci jarrabawa.